Dabbar da Ke Cikin Wayar Yayanku

Da sunan Allah nake farawa, wanda ya san abin da ke cikin zuciya ko da baki ya ƙi faɗa. Wannan babin naku ne ku uku, Dije da Sani da Auta. Na riga na rubuta muku labarin gidanmu, da aurena, da shekarar da fari suka cinye mana gero, kuma duk ina rubutawa ina dariya. Wannan kuwa na fi wata uku ina buɗe littafin ina rufewa. Rubutun nawa kun san shi, na ajin matan aure ne da na shiga da furfurata, harafi yana hawa kan harafi, don haka ku karanta a hankali. Maganganu biyu ake yi a kaina a garin nan, kuma na san duk sun shiga kunnenku. Ta farko, wai ban so Yayanku ba. Ta biyu, wai bayan rasuwarsa na taɓu, ina zagayawa bayan rumbu ina magana da waya. Ta biyun akwai ƙanshin gaskiya a cikinta. Ta farkon ce nake so in gyara kafin a fita da ni.

Yayanku shi ne ɗan farina, kuma ku 'yan yanzu ba ku san nauyin wannan ba. A zamaninmu mace ba ta kiran sunan ɗanta na fari. Ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta yabonsa, ba ta ma nuna ta san da zamansa. Kunya ce, kuma da ita ake auna tarbiyyar mace. Ranar suna ina ɗaki na ji maroƙi ya ɗaga murya a ƙofar gida ya faɗi sunan, mata suka rangaɗa guɗa, ni kuwa na ja mayafi na rufe fuska. Tun daga ranar sunan bai taɓa fita daga bakina ba. Nono ma sai na faki idon mutane nake ba shi. Da aka yaye shi aka kai shi ɗakin Iya, mahaifiyar Babanku, can ya girma. Tsakanin ɗakina da nata bai fi taku goma ba, amma ni da shi kamar garinmu daban. In zan kira shi sai in ce, kai. In zan yi maganarsa sai in ce, wannan yaron. Har yau mutanen gari Innar Dije suke ce mini, alhali ya girmi Dije da shekara huɗu.

Ina tuna wata rana yana ɗan shekara shida, kunama ta harbe shi a gindin ɗorawar ƙofar gida. Ya sheƙo da gudu yana ihu, bai tsaya a ɗakin Iya ba, ya zo ya rungume ƙafafuna. Mata sun cika tsakar gida muna fashin gyaɗa. Na ɓamɓare 'yan yatsunsa daga zanena ɗaya bayan ɗaya, na ce a kai shi wajen tsohuwarsa. Matan suka yi ta yabona, wai kun ga 'yar mutunci. Ni kuwa na zagaya bayan ɗaki na cusa bakin zane a baki na yi kukana, na wanke fuska na dawo na ci gaba da aiki. Hanya ɗaya kawai nake da ita ta yi masa magana, ita ce kwanonsa. Duk ranar da aka sa nama a miya, nawa yankan ba na ci. Sai in tura shi can ƙarƙashin tuwonsa in rufe, a kai masa ɗakin Iya. Shekara da shekaru ina yi, bai taɓa cewa komai ba, ni ma ban taɓa tambaya ba.

Ya girma ya tafi birni koyon ɗinki, har ya kafa kekensa a wani shago a Bacirawa. Duk ƙarshen wata zai zo da leda a hannu. Atamfa ce ya ɗinka mini, amma ba zai miƙo mini ba, sai ya ba Dije ya ce a kai wa mai ɗakin can. Ni ma in zan sa albarka sai in ce wa Dije, ki ce masa Allah ya yi albarka, alhali yana tsaye a tsakar gida yana jina. Haka muka zauna shekara talatin da 'yan kai, kuma a ganina lafiya lau muke.

Shekarar da nake son ba ku labarinta, da farkon damina aka dawo da shi, gero bai wuce idon sawu ba. Ƙafafunsa sun kumbura har takalmi ba ya shiga, fuskarsa ta cika kamar ba shi ba. Likita a birni ya ce ƙoda ce, sai an riƙa kai shi ana wanke masa jini da na'ura. Iya ta daɗe da rasuwa, sai aka share ɗakinta aka shimfiɗa masa katifa. Dije tana gidan mijinta a Gezawa. Babanku da Sani da Auta kuwa da sun idar da sallar asuba sai gona, ba a ganinsu sai la'asar. Gidan ya rage daga ni sai shi sai awakina. Kun san yadda garinmu yake, gona har bakin danga take, da damina dole kowa ya ɗaure dabbarsa a turke ya yanko mata ciyawa. To duk sanda zan kai wa awaki ciyawa sai na bi ta ƙofar ɗakinsa.

Likitan nan bai san abin da ya yi mini ba. Ya hana gishiri, ya hana nama, ruwan sha ma sai an auna. Ranar farko da na kai masa tuwo da miyar da ba ta da ɗanɗanon komai, na ajiye zan juya, sai na ji yana motsa cokali a ƙasan kwanon.

“Inna,” ya ce, “yau ba a ɓoye mini komai a ƙasa ba?”

Na ce, “Ban san me kake faɗa ba.”

Ya yi dariya har da tari. “To shi ke nan. Ƙila Iya ce take sawa.”

Na fita da sauri. Ashe ya sani, tun yana yaro ya sani. Na yi murna ranar, na kuma yi baƙin ciki, don a daidai lokacin da na gane yana jin maganata ta cikin kwano, a lokacin aka ƙwace mini kwanon.

Wuni yake yi da waya a hannu. Da farko na ɗauka wata yarinya ce a birni take ɗebe masa kewa, har na ji daɗi. Amma kullum da safe sai in ji yana cewa, Ɗan Toka, Ɗan Toka, kamar mai kiran ɗan akuya. Wata rana na kasa haƙuri, na tsaya a bakin ƙofa da damin ciyawa a kai, ina kallon bango.

“Kai, me kake ta dubawa a cikin abin nan tun safe?”

“Kiwo nake yi, Inna.”

“Kiwon me?”

“Shigo ki gani. Ai ke ce gwanar kiwo a garin nan, ki duba mini ko ina yi daidai.”

Na sauke ciyawar na shiga na tsuguna. Ya ce wasa ne, gem suke ce masa, wasu mutane can gabashin duniya suka ƙirƙiro shi. Daji ne guda a cikin wayar, cike da dabbobin da Allah bai halitta ba, mutum ne ya zana su. Za ka yi ta yawo kana kamawa kana tarawa, ka ciyar da su, ka horar da su, su yi kokawa da na wasu. Wai duk duniya ana yi, har da magidanta masu gemu. Ya yi ta turo mini su da ɗan yatsa ina gani. Wani yana fitar da wuta ta hanci, wani kifi ne amma da ƙafafu, wani kuma dutse ne kawai aka sa wa ido. Garken nasa ya fi na Fulanin da ke sauka a gonakinmu bayan girbi.

Na ce, “A'uzubillahi. Ba nono, ba taki, ba a yanka su da layya. Wannan wane irin kiwo ne?”

Ya ce, “Amma ba sa shiga gonar mutane, Inna. Ba a taɓa kawo ƙarata wajen mai unguwa ba.”

Da ni yake, don bara waccan akuyata Kyalla ta tsinke igiya ta cinye waken maƙwabta. Na harare shi, sannan na tuna bai kamata in harare shi ba, na mayar da idona ƙasa. Sai ya nuna mini Ɗan Toka. Shi wannan ban yi a'uziyya ba da na gan shi. Kamar ɗan akuya yake na kwana bakwai, launin toka, gajerun ƙafafu, jelarsa kamar zangarniyar gero. Kunnuwansa huɗu, biyu a sama biyu a ƙasa. Yayanku ya kai wayar bakinsa ya kira shi, sai ga shi a guje, kunnuwan duka huɗu sun miƙe suna haske, yana tsalle yana goga kansa a jikin gilashin. Ya ce duk cikin garken wannan ne rago, kowa kayar da shi yake yi. Sauran da kokawa suke girma, shi kuwa da kira. Za ka sa masa suna, kullum ka kira shi da bakinka wayar ta ji. In aka daɗe ana kira, wata rana zai rikiɗa ya zama babba. In kuwa aka yi watsi da shi, sai ya koma gefe ya juya baya ya zauna.

“Yawancin mutane gajiya suke yi su yar da shi,” ya ce. “Ni kuwa so nake in ga abin da zai zama.”

Ba zan ɓoye muku ba, na saba da ɗan abin nan. In na kawo abinci sai in tambaya ko Ɗan Toka ya ci. Ta kansa muka samu abin hira, ni da Yayanku, mu da ba mu taɓa haɗa magana biyar a jere ba. Na ba shi labarin awakina ɗaya bayan ɗaya, Kyalla da Jar-wuya da Gwamma, da halin kowacce. Ban taɓa jin daɗin damina irin wannan ba, Allah ya yafe mini, alhali ɗana yana kwance yana ƙarewa.

Da gero ya fitar da kai, numfashinsa ya fara gajarta. Muryar ta shige ciki, sai ka matso kafin ka ji shi. Wata rana da hantsi na shiga na tarar da wayar a kan ƙirjinsa. Ya miƙo mini. Ɗan abin yana can gefe, ya juya baya, kunnuwan sun zube.

“Ba ya jina yanzu, Inna. Muryata ba ta kai masa. Ki kira mini shi.”

Na karɓa na kai bakina, na ce, Ɗan Toka. Bai motsa ba. Na ƙara ɗaga murya. Ko waiwaye.

“Na canza masa suna,” in ji Yayanku.

“Ka sa masa wane?”

Sai ya faɗi sunansa. Sunan kansa, wanda maroƙi ya faɗa a ƙofar gida. Ya faɗe shi a hankali, idonsa yana kan rufin ɗaki.

Bakina ya riga ni. Na ce, “Duk sunayen duniya ka rasa na sawa? Sunan Musulmi a kan abin wasa?” Na juya ga wayar na ce, “Kai, zo nan. Kai, da kai nake.”

“Ba ya amsa kai, Inna,” ya ce. “Ni kaɗai nake amsawa.”

Na ajiye wayar a gefen katifa na ce awaki suna jirana.

Kwana huɗu ɗan abin nan yana zaune ya juya baya. Kullum in na shiga sai Yayanku ya ɗan karkato mini da wayar in gani, bai ƙara roƙona ba. Rana ta biyar Dije ta zo dubiya daga Gezawa. Dije, ke kin san wannan wurin, amma ba ki san me ya faru ba. Bayan azahar barci ya ɗauke shi, na lallaɓa na zare wayar na kawo miki gindin murhu, na ce ki kira sunan yayanki a ciki. Kika yi dariya kika kira, ɗan abin ya zo yana rawa. Na koma ɗaki ina jin na yi dabara. Da ya farka na miƙa masa, kunnuwan nan huɗu suna ta haske. Ya daɗe yana kallo.

“Wa ya kira shi?”

“Dije.”

“To,” ya ce. “An gode.”

Ya kife wayar, ya juya ya fuskanci bango.

Shekaru na yi ina gaya wa kaina cewa ban gane ba, wai ni mai kiwo ce, na ga dabba tana buƙatar kira na nemo mata mai kira. Ƙarya nake yi. Na gane tun ranar farko, kuma da ya juya wa bango na ƙara ganewa. Abin da har yau nake tambayar kaina shi ne, kunyar wa nake ji? Ba kowa a ɗakin sai ni da shi da ƙudaje. Iya tana kabari. Matan da suka yabe ni ranar kunama, rabinsu suna kusa da ita. Gaskiyar ita ce na sha yabo ya bi jikina. A garin nan da ni ake yi wa amare misali, a ce ku dubi Innar Dije, ba a taɓa jin ta yi suɓul da baka ba. Shekara talatin ina riƙe da wannan kamar wata sarauta, sai na ji in na saki ban san wace ce ni ba. Ban ce ba zan kira ba. Cewa na yi sai an kai gero rumbu, gida ya natsu, in zauna kusa da shi in faɗa sau ɗaya. Har na riƙa gwadawa a zuci ina yankan ciyawa.

Ana tsakiyar girbi, ranar wata Alhamis, jikin ya rikice. Aka nemo mota daga Minjibir, Babanku da Sani suka ɗauko shi suka kwantar a kujerar baya. Ni ina tsaye a bakin zaure, ban matsa ba don maza sun taru. Sai ya ɗago hannu ya yafuto ni. Na je. Ya danƙa mini wayar.

“Ga amanar kiwona, Inna. Kin san inda ake dannawa.”

Ya tsaya yana kallona, wannan karon ido cikin ido. Direba ya tayar da mota. Bakina ya buɗe, wallahi ya buɗe. Abin da ya fito shi ne, “Allah ya sauwaƙe. Direba, a tafi a hankali.”

Washegari Juma'a da hantsi ina sussuka a tsakar gida, Auta ya shigo ba sallama. Ganin fuskarsa kawai na ajiye taɓarya. Bayan an sauko daga masallaci aka kawo shi, aka yi masa sutura a ɗakin Iya, aka kira ni in yi masa addu'a. Na durƙusa na ce na yafe maka duniya da lahira, Allah ya jiƙan ka. Ko a nan ban faɗi sunan ba. Hawaye kuma bai zo ba, don uwar ɗan fari ba ta kuka a gaban jama'a. Na ji wata tsohuwa a bayana tana cewa, kun ga mace, kun ga tawakkali. Da ta san yadda na tsani wannan yabon a ranar, da ta yi shiru.

Ranar sadakar uku, Dije, kika same ni ina kwashe tuwon baƙi. Idonki ya kumbura. Kika ce:

“Inna, da Kyalla ce ta mutu da kin fi haka damuwa. Awakinki kowacce da sunanta.”

Na ci gaba da kwashe tuwona, kuma daga ranar ba ki ƙara tayar da maganar ba. Amma na ga yadda kika canza zama da ni, na ga Sani da Auta ma sun bi bayanki. Ban riƙe ki a zuci ba. Abin da idonki ya gani kika faɗa.

Da aka zo rabon abin da ya bari, Sani ya ce a kai wayar a goge ta a yi amfani da ita. Na ce a'a, a sa ta cikin rabona. Kuka kalli juna, tsohuwar da ko lamba ba ta iya dannawa. Na naɗe ta a tsumma na sa a ƙasan adaka, ban taɓa ta ba sai bayan arba'in. Ranar na ba Sani ya sa mini ita a cajin solarsa. Washegari da maza suka fita, na zagaya bayan rumbu inda ba mai ganina, na danna inda ya koya mini. Ga ɗan abin nan, yana nan inda muka bar shi, ya juya baya, kunnuwan a zube. Geron da na ce sai an kai rumbu, ga shi a rumbun, ina jingine da shi. Na kai wayar bakina. Karo na farko iska ce kawai ta fito. Karo na biyu rabin sunan. A na uku na faɗe shi duka, da ƙarfi, yadda uwa take kiran ɗanta daga gona.

Ya waiwayo. Ya taho a guje, kunnuwan duka huɗu suna haske, yana goga kansa a gilashin daidai wajen yatsana. A nan kukan ya zo, na kunama da na mota da na ɗakin Iya, duka a haɗe. Na yi ta kira ina kuka, shi kuma yana ta tsalle, bai san komai ba.

Daga nan kullum da hantsi sai na je. Danga ba ta riƙe murya, maƙwabta suka ji ina kiran mamaci a bayan rumbu, magana ta zaga gari. Wata rana na ɗago kai sai ga Babanku tsaye a kaina da ƙwaryar rubutu, an ba shi ya kawo mini in sha. Na ce, Malam, ƙalau nake, zauna ka gani. Na ba shi labarin duka, tun daga canza sunan har bakin mota. Ya ajiye ƙwaryar a ƙasa ya zauna a kan turmi, ya daɗe yana kallon ɗan abin. Can ya ce:

“Sake kira in ji.”

Na kira. Ya sunkuyar da kai, ya ja hularsa ya rufe fuska, kafaɗunsa suna rawa. Shi ma tunda aka haifi yaron bai fi a ƙirga ba sanda ya kira shi da sunansa. Rubutun nan awaki ne suka shanye shi.

Da damina ta zagayo, wata safiya na kira ɗan abin sai gilashin ya cika da haske har na kusa yar da wayar. Da hasken ya lafa, ɗan akuyan nan babu shi. Wata doguwar dabba ce a tsaye kamar barewa, kunnuwan huɗu sun buɗe sun yi faɗi kamar rumfa, ga ƙananan dabbobi sun taru a ƙarƙashi suna fakewa daga ruwan sama. Na ce, to, ga abin da ka so ka gani. Kyakkyawa ce ƙwarai, amma ni ƙaramin na fi so, wanda ya san hannun Yayanku. Duk da haka in na kira tana zuwa. Bayan shekara biyu wayar ta mutu. Mai gyara a Minjibir ya juya ta ya juya, ya ce ta gama. Sani, ka ce za ka sa mini gem ɗin a sabuwar waya a kamo mini wani irinsa, na ƙi, ka ɗauka rigimar tsufa ce. Ba irinsa nake nema ba.

Kada ku ɗauka na ruɗe. Na san waya ba kabari ba ce, na san bai ji ko ɗaya daga cikin kiran nan ba. Sau dubu na kira, abin da mutum ya zana ya yi ta amsawa, wanda ya roƙi guda ɗaya kuwa ya tafi bai samu ba. Wannan shi ne abin da nake ɗauke da shi, kuma ba na neman ku sauke mini. Addu'a ce aka ce tana isa, don haka yanzu a bayan kowace salla da sunansa nake roƙa masa, a bayyane, kowa ya ji.

Dije, da sallar da ta wuce kin zo da yaranki. Ina kallonki kina kiran ƙananan kowa da sunansa, babbar kuwa kika ce mata, ke, miƙo min buta. Na ga yadda yarinyar ta ɗago ta dube ki kafin ta tashi. Na san wannan kallon, shekara talatin ana yi mini shi. A wurina kika koya, shi ya sa ban iya yi miki magana a ranar ba, na zo na rubuta.

Wayar tana ƙasan adakata a cikin tsummanta, in na mutu kada ku yar. Na duba abin da na rubuta tun daga farko, sai na ga har a takarda Yayanku nake ta cewa, hannun ma ya koyi halin bakin. To bari in gyara tun ina da sauran tawada.

Sunansa Haladu. Ni na haife shi, kuma na so shi tun kafin in san ku.